Gwajin Hazaƙa da Zaɓen Ma'aikatan Kwamfuta: Asalinsa, da Yadda Ya Iso Arewacin Zazzau

Kowace sana'a da ta shigo ƙasa sabuwa takan zo da wata matsala wadda tsofaffin sana'o'i ba su damu da ita ba, watau sanin wanda ya kamata a ɗauka a koya wa. Maƙeri ba ya neman mai gaya masa wanda zai gaje shi, domin yaron yana nan zaune bakin zuga-zugi tun bai kai shekara goma ba. Aikin kwamfuta kuwa ba wanda ya gada. Saboda haka waɗanda suka ƙago ta suka ƙago wata jarrabawa tare da ita, suka ce za ta nuna mai baiwar aikin tun bai taɓa ganin na'urar ba. Wannan takarda za ta bi tarihin jarrabawar, ta kuma duba abin da take aunawa in ta gamu da saurayin Ikara, ko na Maƙarfi, ko na Kudan.

Zaɓe kafin zuwan takarda

Waɗannan ƙasashe uku gundumomi ne na masarautar Zazzau, suna arewa da birnin Zariya, wajen iyaka da ƙasar Kano. Mutanensu manoma ne da 'yan kasuwa. An san Maƙarfi da Kudan da rake da mazarƙwaila, an san Ikara da tumatir. Yadda suke zaɓen gwani tun dā shi ne ta zama tare. Mai dafa ruwan rake ba ya tambayar yaronsa kome. Sai ya bar shi yana izar wuta kaka ɗaya ko biyu, yana lura da ranar da yaron zai fara gane cewa ruwan ya kai a sauke, tun ba a gaya masa ba. Haka tela, haka magini. A makarantar allo ma akwai matakai waɗanda kowa ya sani, daga kolo zuwa titibiri, zuwa gardi, har alaramma da gwani, kuma ba a hawa matakin sama sai an ji karatun mutum da kunne, an ga rubutunsa da ido.

Wannan hanya tana da kyau ƙwarai wajen gaskiya, gama da wuya a ruɗi wanda ya shekara yana kallonka. Amma tana da aibu biyu. Tana cin lokaci, kuma ba ta ganin kowa sai wanda ya riga ya shigo zaure. Ɗan manomin da ke da hannun ƙira zai tsufa yana noma, ba wanda ya sani.

Hausa ta rarrabe abubuwan da ake nema ga mutum da kalmomi dabam-dabam, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe su, domin rigimar da ke tafe duk a kansu take. Baiwa ita ce abin da Allah ya ba mutum ba da wahalarsa ba. Hazaƙa saurin ɗaukar abu ne in an koya. Ƙwarewa ba ta samuwa sai da daɗewa cikin aiki. Sabo kuwa shi ne ƙarami cikinsu, don ko marar basira yakan saba da abin da yake gani kullum. Masu jarrabawa sun ce hazaƙa suke aunawa. Tarihi ya nuna sau da yawa sabo suka auna.

Akawu da mai buga waya

Na'urar aika labari tana cikin kayan aikin da jirgin ƙasa ya zo da su wannan yanki. Hanyar dogo ta isa Kano cikin 1911, ta ratsa ta Likoro a ƙasar Kudan da Gimi a ƙasar Maƙarfi. Aikin jirgi yana bukatar mai buga waya, da mai sayar da tikiti, da mai riƙe littafin kaya, kuma galibin waɗanda suka riƙe waɗannan ayyuka a Arewa mutanen Kudu ne, saboda su suka riga shiga makarantar boko. Ba wanda ya gwada 'yan ƙasa ya same su da kasawa. Ba a dai tambaye su ba.

Zaɓen yaran boko kuwa a hannun sarakuna yake. Takarda takan fito daga En'e zuwa ga hakimi, hakimi ya aika wa dagaci a kawo yara kaza. Sanannen abu ne cewa iyaye da yawa sun ɓoye 'ya'yansu, masu hali kuma suka tura 'ya'yan barorinsu maimakon nasu. Daga elementare aka tace waɗansu zuwa Midil ta Zariya, daga nan 'yan kaɗan suka wuce Kwalejin Katsina, wadda aka mai da ita Kaduna cikin 1938, sa'an nan Zariya cikin 1949. Cikin 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna a Zariya, inda ake koyon tafireta da riƙon littattafan ofis. Ita ce ta zama Makarantar Koyon Mulki ta Kongo cikin 1954, shekarar da Sardauna ya zama Firimiya aka ƙarfafa manufar cika ofisoshin Arewa da 'yan Arewa. To, a nan matsalar ta fito fili. Gwamnati tana son ɗaruruwan akawuna cikin gaggawa, ba ta da shekarun da mai mazarƙwaila yake da su na zama yana kallon yaro. Dole a sami awo mai sauri.

Jarrabawar kamfanin IBM

Awo mai sauri ya riga ya daɗe a ƙasashen Turawa. Binet da Simon sun fito da nasu a Faransa cikin 1905, don gano yaran da ke bukatar taimako a makaranta. Cikin 1917 sojan Amurka suka shirya jarrabawa iri biyu, ɗaya ta rubutu, ɗaya ta hotuna domin waɗanda ba su iya karatu ko ba su jin Ingilishi, suka gwada mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi. Watau tun ran farko masu abin sun san harshe yana iya tare hanya.

Sa'ad da aka gama ƙera kwamfutar ENIAC cikin 1945, mata shida aka ɗauko daga cikin masu yi wa soja lissafi da hannu aka ba su aikin tsara mata umarni, ba tare da wata jarrabawa ta musamman ba. Amma cikin shekaru goma abin ya fi ƙarfin haka. Bankuna da kamfanoni da rundunar sojan sama duk suna neman masu rubuta manhaja, alhali kuwa babu jami'ar da ke yaye su. Aka shiga ɗaukar malaman makaranta, da mawaƙa, da masu wasan dara irin ta Turawa, bisa zaton cewa akwai wata ƙwaƙwalwa ta daban da aikin ke so. Cikin 1955 kamfanin IBM ya fito da jarrabawarsa ta gane mai hazaƙar rubuta manhaja, wadda aka san ta da sunan Hughes da McNamara. Kashi uku ce. A na farko akan jera lambobi a ce mutum ya faɗi wadda za ta biyo baya. A na biyu akan nuna zane biyu masu dangantaka, a ce ya nemo wa na uku abokinsa. Na ƙarshe lissafi ne da aka ba da shi cikin zance. Ba kwamfuta a cikinta ko kaɗan; takarda ce da fensir da agogo.

Ta bazu ƙwarai da gaske. Masanin tarihi Nathan Ensmenger, cikin littafinsa na 2010, ya nuna cewa cikin 1967 kaɗai mutum fiye da 700,000 suka zauna mata. Amma da aka bi sawun waɗanda suka ci, sai aka ga wani abu. Makin jarrabawar yakan yi daidai da makin da mutum zai samu a kwas ɗin horo, wanda shi ma da takarda ake gama shi. In aka gwama shi da yadda shugabannin aiki suke ganin ma'aikacin bayan ya kama aiki kuwa, dangantakar sai ta yi rauni. A taƙaice, jarrabawa ta iya gane mai cin jarrabawa. Ban da wannan, tambayoyin sun fita hannu, makarantun kuɗi suna koyar da su, har ya zama wanda ya taɓa ganinta ya fi wanda bai gani ba ko da basirarsu ɗaya.

Wani abin ya fi wannan muni. Cikin 1966 Perry da Cannon suka binciki halayen masu rubuta manhaja na lokacin, suka ce suna son warware wasan ƙwaƙwalwa, kuma ba su cika son hulɗa da mutane ba. Maimakon a ɗauki wannan a matsayin bayanin waɗanda aka riga aka ɗauka, sai waɗansu kamfanoni suka mai da shi ma'aunin waɗanda za a ɗauka. Mudu ya koma yana auna kansa. Ensmenger yana ganin wannan yana cikin dalilan da suka sa aikin da mata suka fara ya rikiɗe ya zama na maza. Cikin 1971 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Griggs da kamfanin lantarki na Duke, ta yanke cewa jarrabawar ɗaukar aiki da ke ture wani jinsi ba ta halatta ba sai an nuna tana da alaƙa da aikin kansa. Daga nan kasuwar irin waɗannan jarrabawa ta fara ja da baya a can, ko da yake burin bai mutu ba. Cikin 2006 masu bincike biyu na Jami'ar Middlesex a Ingila, Dehnadi da Bornat, suka rarraba wata takarda mai suna da raƙumi mai tozo biyu, suna cewa sun sami gwajin da ke raba mutane gida biyu, masu iya koyon manhaja da waɗanda ba za su taɓa iyawa ba. Cikin 2014 Bornat da kansa ya janye maganar. Raƙumin ƙasar Hausa dai tozo ɗaya gare shi, kuma da alama na ɗalibai ma haka yake: kaɗan a can gaba, kaɗan a can baya, mafi yawa a tsakiya.

Abin da aka gano a Nijeriya

Babin da ya fi dacewa da mutanen arewacin Zazzau cikin wannan tarihi a Nijeriya aka rubuta shi, kuma shi aka fi mantawa. Cikin 1960, shekarar mulkin kai, rahoton kwamitin Ashby ya nuna irin ƙarancin ma'aikata masu horo da ƙasar ke ciki. Wajen wannan lokaci wata cibiyar bincike ta Amurka ta aiko Paul Schwarz, da kuɗin hukumar ba da taimako ta gwamnatinsu, don ya ga ko jarrabawar hazaƙa za ta yi aiki a Afirka. Ya tarar cewa in aka ɗauko takardar Amurka aka miƙa wa yaran Nijeriya yadda take, sakamakon ba ya nuna kome. Da ya bincika dalili, sai ya ga yawancin faɗuwar tana aukuwa tun kafin a kai ga tambayar. Yaro bai gane umarnin da aka buga a kan takarda ba. Bai san inda ake so ya sa alama ba. Bai saba da zanen da ke nuna abu mai kauri a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda ba. Bai san cewa a nan sauri abin yabo ne ba, shi da aka rene shi a kan cewa gaggawa aikin Shaiɗan ce, kuma amsa wa babba da ka rashin kunya ne.

Maganin da Schwarz ya kawo mai sauƙin faɗi ne. Kada a ɗauka mai jarrabawa ya san kome game da yadda ake amsawa. A koya masa. A bar dogara ga umarnin da aka buga, a yi bayani da baki, a nuna da manyan zane da abubuwan da ake iya riƙewa a hannu. A ba shi misalai ya yi, mai tsaro ya zaga ya tabbata kowa ya gane, sa'an nan a danna agogo. Da wannan tsari aka shirya jerin jarrabawa da aka sa wa suna I-D, waɗansu domin zaɓen akawuna, kamar gwama sunaye da karanta jadawali, waɗansu domin masu aikin hannu. Daga baya aikin ya koma hannun hukumar WAEC, ƙarƙashin ofishinta na TEDRO a Ikko, kuma Schwarz da Krug suka tattara darussan cikin littafi a 1972.

A nan akwai abin lura ga ɗalibin harshe. Hausa tana da kalmomi biyu na wannan aiki. Jarrabawa daga Larabci take, kuma 'yar'uwarta ita ce jarraba, wadda ake neman tsari da ita. Ba mamaki yaro ya shiga ɗakin da faɗuwar gaba. Gwaji kuwa daga gwada yake, kalmar gida, mai fuska biyu. In aka ce gwada shi, ana nufin auna shi. In aka ce gwada masa, musamman a bakin Katsinawa da Sakkwatawa, ana nufin nuna masa. Aikatau ɗaya ne, abin da ya biyo bayansa ne ya sauya ma'ana. Duk binciken Schwarz bai wuce cewa gwada masa ya riga gwada shi ba, abin da kowane tela a kasuwar Maƙarfi yake yi da sabon yaronsa ba tare da ya karanta littafi ba.

Ana cikin wannan kwamfuta ta shigo. IBM ya buɗe cibiyar horarwa a Jami'ar Badun cikin 1963. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa cikin 1962, ita ma ta sami tata cibiyar, wadda daga baya aka sa wa sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Amma shekaru da yawa hanyar shiga aikin ɗaya ce: sakandare, lissafi, jami'a. Samaru tana kusa da Hunkuyi a ƙafa, tana da nisa a takarda.

Bayan da jarrabawa ta hau kwamfuta

Wayar salula ta zo cikin 2001, a shekarar da aka kafa hukumar NITDA mai kula da fasahar sadarwa. Daga nan aikin na'ura ya bar ofisoshin birni ya shigo garuruwa. Mai gyaran waya, da mai cire kuɗi da na'urar POS, da mai yi wa mutane rajistar lambar ɗan ƙasa, duk ma'aikatan wannan fasaha ne. Zaɓe ma ya shigo ciki: na'urar tantance katin zaɓe cikin 2015, da BVAS a babban zaɓen 2023, sa'an nan Jihar Kaduna ta zama ta farko a Nijeriya da ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'urar jefa ƙuri'a, cikin 2018, ta sake cikin 2021. Kowace rumfa tana bukatar wanda zai sarrafa na'ura, ya kuma san abin yi in ta ƙi.

Ma'aikatan nan sun rabu biyu wajen yadda ake zaɓensu. Mai shagon gyaran waya yana nan a kan tsohuwar hanya: yaro ya fara da share shago da miƙa sukundireba, maigida yana kallo. Gwamnati da bankuna da manyan kamfanoni kuwa sai jarrabawar hazaƙa, wadda a bakin masu neman aiki ta zama sunan ƙofar da ake tsayawa a gabanta. Abin da ya auku ranar 15 ga Maris, 2014, ya nuna inda abin ya kai. Hukumar shige da fice ta kira mutum wajen rabin miliyan zuwa filayen wasa don guraben da ba su kai 5,000 ba, aka yi turmutsitsi a Abuja da Minna da Fatakwal da Benin, mutane fiye da goma suka mutu. Jarrabawar da ke gaban irin wannan taro aikinta rage yawa ne, ko me aka rubuta a kanta.

Bayan wannan hukumomi da yawa suka koma yin jarrabawa a kan kwamfuta, yadda JAMB ta fara cikin 2013 ta kuma mai da shi dole cikin 2015. Lalle an sami amfani, gama satar amsa ta ragu kuma sakamako yana fita da wuri. Amma a dubi abin da ke gaban saurayin da ya taso daga Paki ko Gubuchi ya shigo mota zuwa Zariya don neman aikin shigar da bayanai. Tambayoyin canki-canka ne cikin Ingilishi, har da na gwama kalmomi, waɗanda ba sa auna kome sai yawan Ingilishin da mutum ya ji a gida. Lissafin cikin zance yake, saboda haka wanda ke iya lissafin buhun masara da ka, ya fid da kuɗin mota da la'ada kafin ɗan birni ya buɗe kalkuleta, yana iya faɗuwa don bai gane jimlar ba. Agogo yana gudu a kusurwar allo. Wayar hannu ya sani sarai, da babban yatsa yake sarrafa ta, amma linzamin kwamfuta bai taɓa riƙewa ba, kuma minti goma na farko a kan koyonsa za su tafi. Duk abin da Schwarz ya lissafa ya dawo, da ƙari. Har da wani abin dariya a ciki: jarrabawar IBM ta 1955, duk da aibunta, ba ta bukatar mutum ya taɓa ganin kwamfuta, ta yau kuwa tana neman ya riga ya saba da abin da ake cewa za a koya masa.

Kada a ɗauka cewa maganin shi ne a bar jarrabawa. Inda babu ita, abin da ke cike gurbinta takardar ɗan majalisa ce da sanayya, kuma ɗan talakan Kudan ya fi cutuwa da wannan. Jihar Kaduna ta ga iyakar abin ta fuska biyu. Cikin 2017 ta gwada malaman firamare wajen 33,000 da tambayoyin aji huɗu, 21,780 suka kasa kai maki 75 cikin ɗari, aka sallame su. Aka ɗauki sababbi ta hanyar jarrabawa, amma cikin 2018 aka sake sallamar fiye da 4,000 daga cikin sababbin, bayan an ga rubutun hannunsu. Zama ɗaya a ɗakin jarrabawa bai isa ya nuna mutum ba, ko ta wajen kayar da shi ko ta wajen tsallakar da shi. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Ikko cikin 2014 don horar da masu rubuta manhaja, ya gane haka a shekarunsa na farko: bayan gwajin intanet sai ya tara waɗanda suka tsallake, a koya musu abu, a ga yadda suke ɗauka, kafin a zaɓa. Wannan zaman bakin zuga-zugi ne aka taƙaita shi zuwa 'yan makonni.

JAMB ma ta dawo kan hanyar daga baya. Cikin 2017, zamanin Farfesa Ishaq Oloyede, ta shigo da jarrabawar gwaji wadda ɗalibi zai iya zama kafin ta gaske, don ya saba da na'urar. Ta kuma tsara yadda za a amsa dukan tambayoyi da madannai takwas ba tare da linzami ba: A da B da C da D na amsa, N na ci gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki, R na fasa miƙawa. Sai dai ta gwajin ba dole ba ce, kuma akwai kuɗin cibiya da na mota a kanta, saboda haka ɗalibin da ya fi bukatarta, na ƙauyen da ke nesa da cibiya, shi ne ya fi saurin barinta.